Haya a Birnin Kano ko Jeka-ka-dawo daga Ƙauye: Wanne Ya Fi wa Mai Ƙaramin Ƙarfi?

Bayan sallar asuba, duk hanyar da ta nufi Kano cike take da mutanen da a birni suke neman abinci amma a ƙauye suke kwana. Na Gezawa da Ringim suna biyo titin Haɗeja su sauka a Yankaba, na Wudil da Gaya su shigo ta Mariri, na Kura da Garun Malam su biyo titin Zariya su faɗo Na'ibawa, na Bichi da Dawakin Tofa ta titin Katsina, na Kabo da Gwarzo ta Rijiyar Zaki. A cikinsu akwai yaron shago a Kantin Kwari, da ɗan dako a Dawanau, da birkila, da masinja a Sakatariyar Audu Bako, da leburan kamfani a Sharaɗa ko Bompai. Wanda ya yi aure a cikinsu, ko yake shirin yi, tambaya ɗaya ce take hana shi sakat: in kama haya a birni in ɗauko iyalina, ko in bar su a gida in ci gaba da jeka-ka-dawo?

Kafin 2023 tambayar ba ta da wuyar amsawa ga wanda garinsa bai wuce tafiyar awa ɗaya ba. Litar fetur ba ta kai ₦200 a farashin gwamnati ba, kuɗin mota bai fi ƙarfin albashi ba. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafi, cikin 'yan kwanaki lita ta koma wajen ₦500, zuwa Oktoban 2024 ta haura ₦1,000. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa ₦70,000 a Yulin 2024, gwamnatin Kano ta ce ₦71,000 za ta biya, amma wannan na ma'aikacin gwamnati da na manyan kamfanoni ne. Yaron shago da lebura abin da maigida ya yanka musu shi suke karɓa. Shi ya sa mutanen da ba su taɓa tunanin barin gida ba suka fara neman dillali.

Mu fara da kuɗin mota, tunda shi ne yake kora mutane. Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da kake kashewa zuwa da dawowa, har da babur ɗin da yake fito da kai bakin titi da adaidaita sahun da yake kai ka wurin aiki daga tasha. Tun da aka hana acaɓa a cikin birni a farkon 2013, wannan ƙaramar tafiyar ta cikin gari ta zama kuɗi mai zaman kanta. A ce, don misali kawai, duka sun kama ₦2,000 a rana. Ma'aikacin da yake zuwa kwana 22 a wata zai ba direbobi ₦44,000, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi. Ɗan kasuwar da yake hutun kwana ɗaya a mako zai kashe ₦52,000 a wata, ₦624,000 a shekara. Duk wanda ya ga wannan adadin zai ce ai gara haya, kuma ba zan ga laifinsa ba. Sai dai yawancin mutane nan suke tsayar da lissafi, su aza kuɗin mota a gefe ɗaya, kuɗin ɗaki a ɗaya gefen, su yanke hukunci. Kuɗin ɗaki kuwa shi ne mafi sauƙin ganewa a cikin abin da zaman birni yake ci.

Da farko, hayar Kano ta shekara ce, kuma gaba ɗaya ake biya kafin a miƙa maka mukulli. A kai akwai la'adar dillali, wadda galibi kashi goma cikin ɗari ce, wani lokacin har da kuɗin rubuta yarjejeniya, har da ɗan abin da za ka ba wanda ya zagaya da kai ganin gidaje ko ba ka kama ba. Sai gyara: fenti, ƙofar da ba ta rufuwa, rufin da sai damina za ka san halinsa, wanda mai gida zai ce ka yi a cire a kuɗin baɗi, alhali ba kullum ake cirewa ba. Kuɗin mota a kullum yake fita kaɗan-kaɗan, ranar da babu sai ka nemi rance ko ka roƙi direban garinku ya ɗaga maka ƙafa. Haya ba ta san wannan ba. Rana ɗaya take zuwa, ta zo da nauyinta duka.

Bayan ka tare sai ƙananan su fara. Ruwa shi ne na farko. Matatun Challawa da Tamburawa da Watari suna nan, amma gari ya yi faɗin da bututu bai bi shi ba, kuma unguwannin da talaka yake iya kama ɗaki su ne waɗanda famfo bai kai ba ko ya daɗe da ƙafewa. Don haka ɗan garuwa ne abokin hulɗarka na kullum, jarka-jarka, kuma a watannin zafi da azumi farashin yakan tashi. Macen da ta saba ɗiban ruwa a rijiyar gida ko tuƙa-tuƙan bakin masallaci sai ta koma lissafin jarka nawa wanki zai ci. Wuta kuma, idan gidan ba shi da mita, bil ɗin kamfanin wuta na KEDCO ɗaya ake kawowa a raba tsakanin 'yan haya, ko an samu wutar ko ba a samu ba, kuma rabon nan ya ɓata zumuncin maƙwabta da yawa, saboda mai firji da dutsen guga ba ya yarda ya fi mai ƙwai ɗaya biya. Akwai kuɗin almajirin da zai zubar da shara, kuɗin 'yan sintiri, karo-karon yashe masai idan ya cika, karo-karon gyaran taransifoma idan ta ƙone. Ba ɗayansu da yake da yawa shi kaɗai.

Amma inda bambancin yake da gaske shi ne tukunya. A ƙauye, ko magidanci bai fita da ko sisi ba, gidan da yake da gero ko dawa a rumbu ba zai kwana da yunwa ba. Kuka tana nan, busasshiyar kuɓewa tana nan, daddawa a maƙwabta, kara da itace a bayan gida, zogale a jikin danga. A birni kowanne daga cikin waɗannan sai ka sa hannu a aljihu: kwanon masara, kuɗin niƙa, gawayi ko gas, har barkonon da za a jefa a miya. Za ka ce ai zan riƙa ɗauko hatsi daga gida. Haka ne, kuma masu dabara haka suke yi. Sai dai ka tambayi kanka wa zai noma hatsin idan kana birni.

Nan ne nake ganin mutane suna yin babbar asara ba su lura ba. Mai jeka-ka-dawo, duk gajiyarsa, yana iya leƙa gona da yammar Juma'a ko ranar Lahadi, ya ga inda ciyawa ta ci ƙarfin shuka, ya san ranar da ya kamata a zuba taki. Wanda ya koma birni sai dai ya turo kuɗi a sa 'yan ƙwadago, ya riƙa buga waya yana tambayar ƙaninsa. Zuwa da kai ya fi aike. Shekara ta farko amfanin ya ragu, ta biyu ya ce ba ya fita, ta uku ya ba da gonar aro ko jingina. Ga mutumin Kura ko Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga yake ba da damar noman shinkafa da tumatir da alkama har da rani, ko mutumin Bagwai da yake cin gajiyar Watari, ko na fadamun Haɗeja, barin gona ya fi ƙarfin a kira shi ragin kuɗin mota, rabin arzikinsa ne ya ajiye. Haka kiwo. Tumaki biyu da awaki uku da matarka take kiwo a gida su ne asusun ko-ta-kwana, ranar rashin lafiya a kai ɗaya kasuwa. Ba mai gidan hayar da zai bar ka ka ɗaure akuya a tsakar gidan mutum shida.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa sabon ɗan haya: daga ranar da aka ji a gari cewa wane ya kama ɗaki a Kano, ɗakinka ya zama masauki. Wanda ya kawo mara lafiya Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, wanda ya zo rubuta jarrabawa, wadda ta zo sayayyar kayan ɗakin 'yarta, duk wurinka za su sauka, kuma ba za ka iya cewa a'a ba, bai ma kamata ka ce ba. Lada ne, amma lada ne da yake cin shinkafa da ruwan jarka, sai ka sa shi a lissafi tun farko.

Kada a ɗauka ina cewa jeka-ka-dawo ba shi da tsada sai kuɗin mota. Yana cin jiki. Mutumin da yake fita kafin gari ya waye ya dawo bayan isha, 'ya'yansa a barci yake barin su a barci yake samun su. Ba ya zuwa ɗaurin aure, ba ya samun jana'iza, karatun dare da yake zuwa ya daina. Yana cikin ƙauyen da suna kawai. Ga hatsarin hanya, a motar da ake cusa mutum huɗu a baya biyu a gaba, ko a kan babur tsakanin tireloli. Mai babur ɗin kansa ya fi samun sauƙin kuɗi, amma ban taɓa jin daɗin ganin magidanci yana yin kilomita talatin a kansa bayan magariba ba, balle da hazon hunturu. Idan kuma garinku ba a bakin kwalta yake ba, damina za ta sa ka makara sau da yawa, kuma maigidan shago ba zai daɗe yana karɓar uzurin rafi ya cika ba. Mutanen Jigawa da suka ga ambaliyar 2022 sun san yadda hanya take yankewa mako guda ko fiye. A ƙauye kuma mai albashi shi ne bankin dangi. Wasu ma wannan ne ainihin abin da yake sa su gudu birni, ko da ba za su faɗa ba.

Yanzu maganar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, wadda kuma ita aka fi tsallakewa: matar da za a ɗauko ko a bari. Maza sukan yanke wannan shawara a majalisa da abokai, ita kuwa sai dai ta ji an ce ta haɗa kaya. Alhali kai da safe za ka fice, ita ce za ta wuni a gidan. A ƙauye tana da sana'arta da masu sayenta, ko ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko ɗinkin hula, ko fura, ko awara. Tana da adashinta, tana da wadda za ta riƙe mata yaro, idan ta haihu akwai mai dafa mata ruwan wanka da kunun kanwa. A gidan haya na haɗaka za ta tarar da matan da ba ta sani ba, banɗaki ɗaya, igiyar shanya ɗaya, da rigimar yara da ta wa ke da shara yau. Mace mai kunya takan shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta wuni ita kaɗai, kuma kaɗaicin nan ciwo ne.

Amma akwai wadda zaman gidan gandu ya ishe ta, tsakanin uwar miji da faccaloli, ba ta da tukunyar kanta, ba ta da ta cewa. Ga irin wannan, ciki da falo a Rimin Kebe ko Ɗorayi 'yanci ne, kuma samar mata wurin zama da za ta sake haƙƙinta ne a kan miji. Akwai mai son ci gaba da Islamiyya ko makarantar koyon aikin jinya, akwai mai sana'ar da birni ne kasuwarta, kamar ɗinki ko lalle ko girkin sayarwa. Akwai kuma wadda ta taɓa shan wuya a haihuwa. Idan matarka tana cikin waɗannan na ƙarshe, kuma asibitin da yake iya tiyata ya yi muku nisa, ni a ganina wannan dalili shi kaɗai ya rinjayi duk lissafin hatsi da na yi a sama. Ka zauna da ita ka ce, "Wance, ga abin da nake samu, ga abin da kowanne zai ci, ke me kika gani?" Sau da yawa ita ta fi ka sanin nawa gidan yake ci a mako. Haka iyaye. Idan kai ne babba kuma Baba ya manyanta, ka je ka durƙusa ka yi masa bayani, kada ya ji a bakin mutane.

Game da yara, birni ya fi yawan makarantu, amma masu kyan sai da kuɗi, na gwamnati kuma a cike suke maƙil. Abin da ya fi damuna shi ne lungu. A ƙauye duk babba uban yaro ne, wanda ya gan shi a inda bai dace ba zai kore shi gida. A unguwar da kowa baƙo ne, ba mai tsawata wa ɗan wani, kuma maganar shaye-shaye da faɗan daba da ƙwacen waya ba ƙage ba ce a wasu unguwannin. Mai yara ƙanana bai cika jin wannan ba. Mai ɗa namiji ɗan shekara goma sha biyu ya yi dogon tunani.

Shi kansa magidanci matsayinsa yana canjawa. A garinku dagaci ya san kakanka, mai shago zai ba ka bashi har ƙarshen wata, idan katangarka ta faɗi a yi maka gayya. A birni ɗan haya ne kai, wanda mai gida zai iya ba shi notis don ɗansa zai yi aure ko don wani ya ƙara kuɗi. Wannan yana gyaruwa da lokaci, idan ka gabatar da kanka ga mai unguwa tun ranar farko, ka riƙe masallacin layinku, ka shiga karo-karon unguwa ba tare da an bi ka ba. Amma shekaru yake ɗauka, kuma duk ranar da ka tashi ka koma wata unguwa, sai ka sake daga farko.

Akwai hanya ta uku, wadda iyayenmu 'yan ci-rani suka daɗe da sani, kuma ina ganin ita ta fi dacewa da mutane da yawa a wannan yanayin. Mutum uku ko huɗu 'yan gari ɗaya su haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya ko shago kusa da wurin aiki, su kwana a nan ranakun aiki, su koma gida ƙarshen mako. Idan muka riƙe misalinmu na ₦2,000, zuwa gida sau ɗaya a mako ₦104,000 ne a shekara maimakon ₦624,000. A ce ɗakin ₦120,000 ne aka raba huɗu, kowa ₦30,000. Iyali suna gida kusa da rumbu, gona tana ganin mai ita duk mako, jiki yana hutawa. Tsadarta ita ce abincin saye, wanda yake iya cinye ribar idan ba ku haɗa tukunya ba, da kuma barin mace da yara kwana biyar. Tana yiwuwa ne idan akwai babba a gida da za a dogara da shi, akwai waya a hannun matar, an bar mata isasshen cefane, kuma abokan ɗakin mutanen kirki ne masu tashin juna sallah. Ga sabon ango ban ba da wannan shawarar ba. Amarya ba ta baro gidansu don ta riƙa ganin miji ranar Asabar ba.

To wa ya kamata ya yi wanne? Idan garinku yana bakin kwalta, tafiyar ba ta wuce minti arba'in zuwa awa ɗaya ba, aikinka yana tashi kafin magariba, kana da gona, kuma kuɗin mota bai haura kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu ba, ka zauna a gida. Mutumin Dawakin Kudu ko Gezawa ko Kura galibi yana cikin wannan sahun. Idan daga Ringim ko Gaya ko Ɗambatta kake, ko kuɗin mota ya kusa rabin samunka, jeka-ka-dawo na kullum zai ƙarar da kai, ka nemi abokan ɗaki. Ɗauko iyali gaba ɗaya ya dace da wanda aikinsa ya kafu, samunsa yana da tabbas duk wata, ba shi da gonar kirki a gida, ko aikin dare yake yi, ko lafiyar matarsa ko karatunta yana buƙatar birni. Wanda kuwa sai ya sayar da gona ko ya jinginar da ita zai iya biyan hayar shekarar farko, wallahi lokacinsa bai yi ba. Shekara za ta zagayo, mai gida zai dawo, gonar ba za ta dawo ba.

Idan ka yanke shawarar kama haya, ka kama a ɓangaren garin da yake kallon ƙauyenku. Mutumin Gezawa ya duba wajen Tokarawa ko Gunduwawa, na Wudil wajen Mariri, na Bichi wajen Dawanau ko Bachirawa, na Gwarzo wajen Janguza ko Ɗanbare, na Madobi wajen Panshekara. Bakin gari ya fi sauƙin kuɗi, kuma mota ɗaya ce za ta kai ka gida ta kawo maka buhu, ba sai ka ratsa cunkoson tsakiyar birni ba. Sai dai ka auna nisan wurin aiki, kada ka gudu daga kuɗin mota ka faɗa kuɗin adaidaita biyu.

Ka yi ƙoƙari ka ga gidan da damina, ko ka dubi gindin katanga ka ga inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ka koma kai kaɗai ba tare da dillali ba ka tambayi mai shagon layin: me ya tayar da wanda ya fita, nawa jarka, akwai bashin wuta a kan gidan? Ka tabbatar wanda za ka ba kuɗi shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya, a gaban shaidu, mai unguwa ya sani, a rubuta takarda da ranar shiga da ranar ƙarewa da wanda gyara yake kansa da tsawon notis, ka karɓi rasit. Kuma tun watan farko ka shiga adashin da kwasarka za ta faɗo wata ɗaya kafin hayar ta ƙare. Kada ka dogara da cewa za ka sayar da hatsi ka biya, domin idan ranar biyan ta zo da kaka, lokacin da kowa yake kai nasa kasuwa, buhu biyu za ka fitar a kan abin da buhu ɗaya da rabi zai iya biya maka idan ka jira bazara.